Souleymane Koly da Wasan Kotéba na Abijan

An haifi Souleymane Koly a shekarar 1944 a Nzérékoré, kudancin ƙasar Gini. Ya yi karatu a Faransa, inda ya karanci ilimin halayyar zamantakewa, kuma tun a can ya fara haɗa 'yan Afirka masu kiɗa da rawa. Ya sauka a Abijan a 1971, ya kama aiki a makarantar koyar da fasaha ta ƙasar Kwaddibuwa. A 1974 ya kafa ƙungiyar Kotéba, wadda ya jagoranta a matsayin marubuci, mai ba da umarni, kuma mai tsara rawa.

Asalin kotéba wasa ne na Bambarawan Mali. Bayan girbi samari kan taru a dandali, su yi kiɗa da rawa, sannan su kwaikwayi marowaci, da miji mai kishi, da mai mulki azzalumi, ba wanda zai riƙe su da laifi. Bahaushen da ya san tashe zai gane irin wannan dama. Koly ya ɗauko wannan al'ada daga ƙauye ya dasa ta a birni.

Abijan ta wancan zamani ta cika da baƙi, domin kuɗin koko da gahawa sun jawo mutane daga Mali, Gini, Nijar, Najeriya da ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau. Unguwannin Treichville da Adjamé ne masaukinsu, har da Hausawa 'yan kasuwa. A can iyalai da dama kan zauna a gidan haya guda, ɗakuna jere kewaye da tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, bayan gida ɗaya. Da asuba mata na layin ruwa da bokitai, ana gardamar wanda bai biya kuɗin wuta ba, mai gida na zagaye yana neman kuɗin wata. Wannan tsakar gida ce Koly ya mayar fagen wasansa, kuma a nan gwanintarsa ta fi fitowa. Bai sa 'yan wasansa Faransancin makaranta ba. Ya bar su da na titi, wanda ya cakuɗe da Julanci, yadda ɗan dako da mai tuwo-tuwo ke yinsa, sai talaka ya ji muryarsa a bakin 'yan wasa.

Wasanninsa ma daga titi suka fito. "Adama Champion" labarin ɗan ƙwallo ne, "Fanico" ya ɗauki sunan masu wankau na birnin, "Commandant Jupiter et ses Black Nouchis" kuwa ya taɓo zaman samarin da ba su da aikin yi. Daga baya ya shirya "Waramba", wasan waƙa na gargajiyar Mandinko. Ba a raba magana da waƙa da rawa a aikinsa, don haka dole kowane ɗan ƙungiya ya iya duka ukun. Daga cikin ƙungiyar ne mata uku suka fito da sunan Les Go de Kotéba, ciki har da Awa Sangho da Maaté Keïta, suka yi suna a fagen waƙa.

A ƙarshen rayuwarsa ya koma Gini, ya zama mai ba fadar shugaban ƙasa shawara kan al'adu. Ya rasu a Konakiri ranar 1 ga Agusta, 2014, shekara 40 bayan kafa Kotéba.