Taliya da Mahaɗinta: Tarihi Daga Fadamar Wurno, Rabah da Goronyo

Yau madafa za mu leƙa, don haka wanda bai ci abinci ba ya yi haƙuri da ni.

Kwanan baya ƙanwata ta miƙo min wayarta, wai in kalli wani bidiyo a TikTok. Wata Ba'amurkiya ce ta dafa makaroni, ta kwarara masa madara da narkakken cuku, ta gasa shi har samansa ya yi ja. Da bidiyon ya ƙare sai ta ce min, "Yaya, to shi wanga da mi ake cin shi? Ba miya, ba yaji, ko albasa babu?" Na yi dariya a lokacin, amma tambayar ta zauna min a rai. A wurinmu abincin da ba mahaɗi gaya ne, kuma ba a ba baƙo gaya. Da na bi diddigin amsar, sai ta dawo da ni gida, fadamar Rima.

Bari mu fara da can Amurka, tunda can tambayar ta taso. Makaroni da cuku girkin Turai ne tun asali. Akwai shi a littafin girki na wata Baturiyar Ingila, Elizabeth Raffald, wanda ya fito a 1769. A Amurka kuwa ana yawan jingina shi ga Thomas Jefferson, shugaban ƙasarsu na uku, wanda aka kawo irin wannan girki a liyafarsa a 1802. Amma wanda ya koyo girkin Faransa ya shigo da shi gidan Jefferson bawansa ne, baƙar fata, mai suna James Hemings, wanda ya tafi da shi Paris a 1784. A 1937, lokacin da talauci ya yi wa Amurka katutu, kamfanin Kraft ya fara sayar da shi a kwali da araha, daga nan ya zama abincin kowa.

To da me suke cin sa? A gidajen baƙaƙen fatar Amurka, musamman na kudancin ƙasar, makaroni da cuku ba ya zuwa shi kaɗai. Ana jera shi da soyayyar kaza ko gasasshen nama, da dafaffen ganye mai kama da na kabeji, da dankali mai zaƙi irin wanda muke kira dankalin Hausa, da burodin masara, da kuma wake mai baƙin ido. Ku riƙe wannan na ƙarshen. Waken nan namu ne na Afirka ta Yamma, jiragen bayi ne suka tsallaka da shi. Wato mutanen da aka raba da gida sun karɓi abincin iyayen gidansu, suka ajiye abin da suka sani a gefensa. Za ku ga mu ma kusan haka muka yi da taliya.

Mu dawo gida. Yawancin matasa na zaton taliya da leda ta zo. Ba haka ba ne, ta girmi leda nesa ba kusa ba. Ku saurari sunayen kayan alkama da kyau: alkama, alkaki, gurasa. Duk daga Larabci muka aro su, haka ma albasa. Ita taliya, wasu na cewa daga sunan ƙasar Italiya ta samo suna, wasu kuma na nuni da tsohuwar kalmar Larabci, itriya. Masanin ƙasa Al-Idrisi ya ambaci itriya a littafinsa na 1154, inda ya ce ana yin ta a garin Trabia na tsibirin Sisili ana lodawa jiragen ruwa zuwa ƙasashe. Ko wacce ka ɗauka, hanyar ɗaya ce: ta arewa, ta hamada, tare da fataken Tarabulus da Gadamas da ke bi ta Agadas su sauka Katsina da Kano.

Sai dai alkama ba gero ba ce, ba a watsa ta da damina a jira ruwan sama. Sanyi take so. Ana shuka ta wajen Nuwamba zuwa Disamba, ta sha hunturu, a yanke ta wajen Maris, kuma duk tsawon lokacin nan sai an ba ta ruwa. A da da jigo ake ban ruwa, guga bayan guga. Don haka sai inda ke da gulbi da fadama take yi, kuma a nan ne ƙasarmu ta shigo labarin.

Wurno ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a kan tudu, yana kallon fadamar gulbin Rima. A nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake. Bello ya dage wajen zaunar da mutane wuri ɗaya su yi noma da sana'a, har da makiyaya. Ɗansa Aliyu Babba ma a Wurno ya fi zama, kuma a zamaninsa ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka garin a 1853. Goronyo na sama da Wurno a kan wannan gulbin. Rabah kuwa, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, tana bakin gulbin Sakkwato. Garuruwa uku, duk mutanen fadama: shinkafa da damina, albasa da tafarnuwa da alkama da rani.

Tunda alkama wahala ce da ita, abincinta ma na alfarma ne. Kakata ta wajen uwa, Allah Ya jiƙanta, takan ce min, "Kai ɗan nan, sa'adda muna ƙanana, in ka ga an hiddo alkama, to baƙon kunya ya zaka." Suruki, ko malami, ko mai sarauta. Sai kuma azumi da salla da gara.

Na taso na iske tana yin taliyar Hausa, wadda ake kira 'yar murji. Za ta kwaɓa gari da ruwa da gishiri da ɗan ruwan kanwa, ta yi ta bugun kwaɓin har ya yi laushi, ta gutsuttsura shi curi-curi. Akwai ɗan injin hannu da ake ɗaurewa a bakin benci. Ni ne mai juya hannun, ita tana tarbe zaren da ke fitowa ta rataya a igiya. Tsakar gida ya cika da taliya kamar an yi shanyar zare, mu kuma aikinmu korar kaji da awaki. Ta ce min kafin injin ya zo, da tafin hannu ake murza ta, shi ya sa mace ɗaya ba ta iya yi wa taro. Inji ne ya sauke taliya daga akushin manya zuwa tiren talla, har ta kai bakin makarantar firamare inda muke saye da kuɗin tara.

Yanzu ga tambaya: mu da muke zaune da Fulani, ga shanu ga nono, me ya sa ba mu haɗa taliya da cuku ba kamar Turawa? Ai cukun muna da shi. Buzaye da Fulanin Nijar na yin sa fale-fale, busasshe, yana shigowa kasuwanninmu ta iyaka. Amma cukun namu ba mai narkewa ba ne, an busar da shi ne don ya jure tafiya da zafi. Da shayi ake cin sa, ko da dabino, ko a daka shi cikin fura. Sauran madarar kuma tana da wurin zuwanta tun tuni: nono, kindirmo, man shanu. Turai ƙasar sanyi ce, ana iya ajiye cuku mai laushi wata da watanni. Mu rana ce ta zaɓa mana yadda za mu adana madara. Iyakar haɗuwar taliya da saniya a gidanmu shi ne soyayyen man shanu, kuma wanda ya taɓa cin 'yar murji da man shanu da yaji ya san ba a yi asara ba.

Sai mu duba abin da muka haɗa ta da shi, ɗaya bayan ɗaya, don kowanne da hanyar da ya biyo.

Manja daga kudu yake zuwa, ƙasar kwakwa. Man gyaɗa da ƙuli-ƙulin yaji daga gyaɗa ne, ita kuma gyaɗa da barkono da tumatir duk asalinsu nahiyar Amurka, bayan shekarar 1492 suka bazu a duniya. Albasa da tafarnuwa namu ne na fadama, kuma duk mai harkar gwari ya san buhunan Wurno da Goronyo na tafiya har kudu. Kifi daga gulbi da dam, tarwaɗa ko karfasa, a banda shi a marmasa cikin dafa-duka. Nama daga kasuwar dabbobi irin ta Achida. Sai wake, wanda shi ne babban abokin tafiyarta. Taliya da wake da manja da yaji, a yanka albasa da tumatir a kai, in da hali a ɗora dafaffen ƙwai ko awara. Iyayenmu mata sun gane da kansu cewa taliya zalla ba ta riƙe ciki, wake ne ke sa ma'aikaci ya kai la'asar. Waken da ke gefen makaroni a kudancin Amurka, shi ne dai ke cikin kwanonmu a Rabah.

To yaushe leda ta karɓe kasuwa? An kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria a 1960, injinsa na Apapa ya fara niƙa a 1962, kuma alkamar waje yake niƙawa. Da kuɗin mai suka shigo a shekarun 1970, burodi ya zama abincin birni, fulawa ta cika kasuwa, har masu 'yar murji suka koma sayen fulawar buhu saboda ta fi sauƙi da fari. A 1985 wasu masana biyu, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka fitar da littafi mai suna The Wheat Trap, wato tarkon alkama, suna gargaɗin cewa Najeriya ta saba wa bakinta abin da gonarta ba ta iya ciyar da ita. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama daga farkon 1987, aka ce kowa ya koma fadama. Noman gida bai cike giɓin ba, sumoga ta yi yawa, a 1992 aka janye dokar. Bayan haka taliyar leda da makaroni suka mamaye shaguna, Indomie ta biyo baya ta zauna a teburin mai shayi da ƙwanta.

A daidai wannan zamanin ne aka gina dam ɗin Goronyo. An kammala shi a 1984, aka ƙaddamar da shi a 1992, kuma an gina shi ya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Burin shi ne fadamar Rima ta yi noman rani mai yawa. An samu amfani, ba wanda zai musa, amma an sha wuya. Ambaliyar Satumban 2010 ta cinye gonaki da gidaje daga Goronyo har Wurno. Sannan ga matsalar tsaro da ta addabi gabashin Sakkwato. Ba mu manta harin da aka kai kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 ba, inda aka rasa rayuka da dama, Allah Ya jiƙansu. Manomin da ke tsoron kwana a gona ba zai iya renon alkama wata huɗu ba.

Ga inda lissafin ya tsaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar kan noman alkama na 2021 ya nuna abin da aka noma a duk Najeriya bai kai tan dubu 40 ba, alhali abin da ake shigowa da shi duk shekara ya haura tan miliyan 4. Shi ya sa da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren a 2022, uwar gida a Wurno ta ji shi a kuɗin ƙullin taliya, ita da ba ta taɓa ganin teku ba.

Abin da na fahimta daga duk wannan shi ne, a kwanon taliyar da ke gabanka yau, taliyar ce baƙuwa. Jirgin ruwa ne ya kawo alkamarta, da dala aka biya. Waken, albasar, tafarnuwar, attaruhun, kifin, su ne na gida, kuma su ne ke hannun manomin fadama. Muddin ya samu ruwa da kwanciyar hankali, mahaɗin ba zai yanke ba. In aka kore shi daga gona kuwa, gaya za mu koma ci, gayan ma na saye.

Na ba ƙanwata amsarta daga baya. Na ce mata su ma Amurkawan da kaza da ganye da wake suke ci, ba haka nan suke haɗiya ba. Ta ce to in haka ne ita dai a bar ta da manja da yaji. Ranar Juma'ar da ta biyo baya muka lalubo injin Kaka a ƙarƙashin gado, ya yi tsatsa amma hannunsa na juyawa. Muka wanke shi, muka shafa masa man gyaɗa, Inna ta kwaɓa mana gari. Zaren farko ya tsittsinke, na biyu ya fito daidai.

In akwai irin wannan injin a gidanku, ku tambayi tsofaffi yadda ake kwaɓin tun suna raye. A nan za mu dakata. Allah Ya ba manomanmu lafiya da zaman lafiya, Ya sa albarka a abin da muke ci. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.