2.3 Tarihin Binciken Alaƙar Bairas da Sankarar Maƙogwaro

Wannan fasali zai bi diddigin yadda masana suka fara zargin bairas da hannu a sankarar maƙogwaro, wato sashen da murya ke fitowa.

Tun a ƙarni na 19 likitoci suke fama da bambance tsiron maƙogwaro mara illa da sankara. A shekarar 1887, Rudolf Virchow ya duba tsokar da aka yanko daga maƙogwaron Yarima Firedirik na Jamus, bai ga alamar sankara ba. Sai ga shi cutar ta kashe shi a 1888, bayan kwana 99 kacal a kan gadon sarauta.

A 1911, Peyton Rous na Amurka ya nuna cewa bairas na haddasa sankara a jikin kaji, amma ba a karɓi ra'ayinsa da wuri ba. Sai a 1966 aka ba shi kyautar Nobel. A 1933 kuma Richard Shope ya gano bairas ɗin papiloma a jikin zomaye. Bayan shekara biyu aka ga cewa tsiron da yake haifarwa kan rikiɗe ya zama sankara.

Dangane da ɗan Adam kuwa, Harald zur Hausen da abokan aikinsa a Jamus sun gano nau'in HPV 16 a sankarar bakin mahaifa a 1983. A daidai wannan lokaci aka tabbatar cewa nau'i na 6 da na 11 ne ke kawo tsiron maƙogwaro mai yawan dawowa, wanda jefi-jefi yakan koma sankara.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Samun burbushin bairas a cikin ƙari bai isa hujjar cewa shi ya haddasa ƙarin ba. Dole a nuna cewa sinadaransa, E6 da E7, suna aiki, suna danne sinadaran p53 da Rb masu taka wa ƙwayoyin jiki birki. A sankarar maƙogwaro, kaɗan ne suka cika wannan sharaɗi. Shi ya sa hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, ta bayyana a 2012 cewa hujjar ta wadatar game da sankarar ganda da bayan baki, amma game da maƙogwaro taƙaitacciya ce.

Daga abin da ya gabata, za a iya cewa taba da giya su ne manyan musabbaban wannan cuta, rawar da bairas ke takawa kuwa ƙarama ce.