Missa Luba: Waƙar Ibadar Latin a Bakin Baluba

A shekarar 1958, a garin Kamina na Kwango, lokacin mulkin mallakar Beljiyam, Fada Guido Haazen da malamin makaranta Joachim Ngoi suka jagoranci tsara Missa Luba. Lafuzzan ibadar Katolika sun kasance yadda aka gada, da Latin, in ban da Kyrie mai asalin Girkanci; amma karin murya da ganguna na Baluba ne, jagora na bayarwa, yara na amshi. Da ka aka gina ta, rubutawa ta biyo baya. Duk da haka, da kamfanin Philips ya fitar da faifanta, sunan Haazen ya shahara a Turai fiye da na Ngoi, wanda muryarsa ke jan waƙar.