Teku, Ƙuri'a da Alkawari: Halin Masuntan Saint-Louis da Abin da Suke Jira daga Sabbin Shugabannin Senegal

Tsakure

Maƙalar ta duba halin da masuntan birnin Saint-Louis na arewacin Senegal suke ciki, da fatan da suka ɗora wa gwamnatin da aka zaɓa a 2024. An dogara ne da sanarwar hukumomi, rahotannin ƙungiyoyin sa ido da abubuwan da suka faru a idon jama'a tsakanin 2003 da 2025. Nazarin ya nuna cewa cin gaɓa da teku ke yi, ƙarancin kifi da kwararar matasa zuwa Turai duk tushensu ɗaya ne, wato yanke hukunci a kan teku a bayan idon masu ci daga gare shi. Sabbin shugabanni sun fara da ɓangaren da ya fi sauƙi, mai wuyar kuwa yana nan.

Muhimman kalmomi: Saint-Louis, masunta, zaizayar gaɓa, iskar gas, ƙaura, shugabanci

1. Gabatarwa

Mai karatu a ƙasar Hausa ya fi sanin Senegal ta Kaulaha da zumuncin Tijjaniyya. Can arewa kuwa, inda kogin Senegal ke zuba a tekun Atilantika, akwai Saint-Louis, wanda mutanensa ke kira Ndar. Faransawa suka kafa shi a 1659, ya zama fadar mulkinsu a Afirka ta Yamma har 1902, kuma UNESCO ta sa tsibirinsa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Tsibirin baƙi ke zuwa kallo. Idan aka tsallake gada zuwa yamma sai a faɗa wani siririn zirin yashi, Langue de Barbarie, kogi a gabas, teku a yamma, faɗinsa bai wuce 'yan ɗaruruwan mita ba. A nan unguwannin Guet Ndar, Santhiaba da Goxu Mbacc suke, cike maƙil da mutane, kusan kowane gida a kan kamun kifi ya dogara.

Ranar 24 ga Maris 2024 Bassirou Diomaye Faye ya lashe zaɓe a zagayen farko da kashi 54.28 cikin ɗari, kwana goma da fitowarsa daga kurkuku, ya kuma naɗa Ousmane Sonko firaminista. A watan Nuwamba jam'iyyarsu ta Pastef ta kwashe kujeru 130 cikin 165 na majalisa. Batun kamun kifi na cikin manyan abubuwan da suka yi yaƙin neman zaɓe da su. Tambayar maƙalar ita ce: me mutanen gaɓa ke nema, kuma ina aka kwana?

2. Yankan 2003 da abin da ya haifar

A farkon Oktoba 2003 kogi ya cika, ruwa na neman shanye birni. Gwamnatin Abdoulaye Wade ta ba da umarni a yanka zirin yashin nan, kimanin kilomita 7 kudu da gari, domin ruwa ya samu mafita. Faɗin yankan mita 4 ne kacal. Ruwa ya janye, birni ya tsira, sai dai ba a daɓe gefen yankan da komai ba. Nan da nan ya buɗe zuwa ɗaruruwan mita, kafin shekara goma ya koma kilomitoci. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ƙauyen Doun Baba Dièye ya tashi, ruwa ya cinye gidajensa. Gishiri ya shiga rijiyoyi da gonakin albasa na yankin Gandiol, manoma da dama suka bar noma.

Masunta da fari sun yi maraba da yankan, don ya gajarta musu hanya, suna iya ɗaure kwale-kwalensu a cikin kogi. Amma wurin ya zama makasa. A daidai nan ruwan kogi ke karo da igiyar teku, yashin ƙasa kuma kullum cikin sauya wuri yake. Matuƙin da ya dawo da dare, jirgi shaƙe da kifi da jiƙaƙƙen taru, tilas ya rage wuta ya ƙirga igiyoyi, ya jira wadda za ta ɗauke shi ta wuce da shi. In ya kuskure, ko inji ya mutu a tsakiya, jirgin ya kife, ga fitilun gari ana hange. An yi asarar rayuka masu yawa a haka, shi ya sa yashe mashigar da kafa mata alamomin hanya ya daɗe a sahun gaba na koke-koken Guet Ndar.

Ta fuskar teku ma babu sauƙi. Igiyoyin 2017 da 2018 sun rusa gidajen da ke layin farko. A Fabrairun 2018 shugaban Faransa Emmanuel Macron da shugaban Bankin Duniya na lokacin, Jim Yong Kim, sun ziyarci birnin. Faransa ta yi alkawarin Yuro miliyan 15 don katangar duwatsu, Bankin Duniya ya ware dala miliyan 30, daga baya ya ƙara 50, don kwashe mutanen da ke tsirin mita 20 na bakin ruwa. An fara tsugunar da su a Khar Yalla, sannan Diougop, kimanin kilomita 10 daga gaɓa. A takarda wannan ceto ne. A aikace, masuncin da a da yake leƙa teku daga ƙofar gidansa ya san ko za a fita, yanzu sai ya tashi da tsakar dare ya nemi mota da kuɗinsa. Matar da ke tarbar jiragen da suka sauka ta sari kifi, ta dafa, ta barbaɗe da gishiri ta shanya, ta yi nisa da bakin ruwa da abokan cinikinta da 'yan adashinta. Wanda ya tsara gidajen ya lissafa ɗakuna, bai lissafa sana'a ba.

3. Tekun da ke ƙuntata

Alƙaluman da hukuma ta saba bayarwa sun ce mutum kusan 600,000 ke cin abinci ta kamun kifi a Senegal. Ginshiƙin wannan sana'a ɗan ƙaramin kifin nan ne da Wolofawa ke kira yaboy, naman talaka, wanda ake busarwa a kai har cikin ƙasashen Sahel. Ya yi ƙaranci ainun. Ɗumamar ruwa na tura shi arewa, ga kuma masana'antun garin kifi a Nouadhibou ta Muritaniya, da Gambiya, da Senegal kanta. Rahoton da Greenpeace ta fitar da haɗin gwiwa a 2021 ya ƙiyasta cewa fiye da tan rabin miliyan na ƙananan kifaye ake niƙewa kowace shekara a yankin, a fitar waje don ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Abincin mutum ya zama abincin dabba a wata nahiya, kuma matan da ke sarrafa kifi su suka fara jin jiki, don ba za su iya ja da farashin masana'anta ba.

Saint-Louis tana da ƙarin tarnaƙi biyu. Iyakar Muritaniya na nan dab da Goxu Mbacc, kifi kuma ya fi yawa a can. A Janairun 2018 masu gadin gaɓar Muritaniya suka harbe wani matashin masunci, gari ya hargitse. Yarjejeniyar da ta biyo baya ta bai wa jirage 400 izinin kama tan 50,000, abin da ko kusa bai wadaci masu nema ba, kuma jinkirin lasisin ya sake tayar da tarzoma a Fabrairun 2020.

Na biyu shi ne gas. Filin Grand Tortue Ahmeyim, wanda aka gano a 2015, na hannun BP, Kosmos Energy da kamfanonin ƙasashen biyu, Senegal da Muritaniya. An gina tasharsa kimanin kilomita 10 daga gaɓa, a yankin Diattara, inda duwatsun ƙarƙashin ruwa ke tara manyan kifaye, inda kuma masu fatsa suka gaji kamu iyaye da kakanni. An hana kusantar tashar da mita 500. Gas ya fara kwarara a ƙarshen 2024, jirgin farko ya yi lodi a Afrilun 2025. Kamfanin BP ya yi alkawarin girka wasu duwatsun a wani wuri don kifi ya taru, amma masunta na ganin an karɓe musu gona tun kafin a nuna musu wata.

Daga nan hanyar tsibiran Kanari na Sifaniya ta samo fasinjojinta. Tun 2006, shekarar da sama da mutum 31,000 suka sauka can, matasa ke cewa ko Barsalona ko barzahu. A 2023 adadin ya kai 39,910, a 2024 ya kai 46,843 daga ƙasashe daban-daban, kuma ƙungiyar Caminando Fronteras ta ƙiyasta mutum 9,757 sun halaka a hanyar a shekarar kaɗai. A ƙarshen Fabrairun 2024, ana saura makonni zaɓe, wani jirgi ya kife a gaban Saint-Louis, fiye da mutum 20 suka rasu. Ya kamata a lura cewa jirgin da ke ɗaukar 'yan ci-rani shi ne dai jirgin kamun kifi, matuƙinsa ma masunci ne. Ranar da kifi ya daina biyan kuɗin mai, mai jirgi zai nemi wani kayan da zai ɗauka.

4. Abin da aka yi da abin da ake jira

Ba za a ce sabuwar gwamnati ta naɗe hannu ba. A Mayun 2024 ministar kamun kifi, Fatou Diouf, ta wallafa jerin jiragen da ke da lasisi, abin da aka yi shekaru ana roƙo: manyan jirage 132 masu tutar Senegal, 19 na waje, da kwale-kwale sama da 17,000. A Nuwamba yarjejeniyar kamun kifi da Tarayyar Turai ta ƙare ba a sabunta ba, bayan Tarayyar ta gargaɗi Senegal kan sakaci da kamun haram. Jama'a sun yi murna, kuma murnar na da dalili.

Sai dai yarjejeniyar ƙarama ce, tan 10,000 na tuna da 1,750 na wani kifin zurfi a shekara, ba su ne cimar talaka ba. Ƙashin bayan matsalar na cikin jiragen 132 ɗin nan. Da yawansu na kamfanonin haɗin gwiwa ne, suna da tuta na gida, jari da riba na waje. Taɓa su na nufin taɓa 'yan ƙasa masu faɗa a ji da suka ba da aron sunansu. A ganina nan ne za a gane ko canjin 2024 ya kai bakin ruwa. Masunta na neman a binciki ainihin masu jiragen, a keɓe wa ƙananan jirage mil 12 daga gaɓa, a kuma sa ido da gaske, don doka ba ta korar jirgin da ya kashe fitila ya kutso da dare.

Akwai kuma maganar da ɗan siyasa ba ya son furtawa a Guet Ndar. Kwale-kwalen su ma sun yi yawa, ana amfani da tarun leda da doka ta haramta, ana kwashe 'ya'yan kifi. Ko an kori kowane jirgin waje, sai an taƙaita kamu kafin yaboy ya farfaɗo. Mutane ba za su karɓi wannan ba sai sun ga an fara da manya, an kuma tanadi abin da za su ci a watannin hutu. Ga shi aljihun gwamnati ya yi ƙunci. Rahoton Kotun Binciken Kuɗi na Fabrairun 2025 ya nuna bashin ƙasa ya kai kashi 99.67 cikin ɗari na abin da take samarwa a ƙarshen 2023, sama da yadda aka bayyana a da, kuma shirin dala biliyan 1.8 na Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya tsaya.

Wannan ƙunci uzuri ne ga manyan gine-gine, amma ba ya hana abin da ba kuɗi yake ci ba. Tun dokar kamun kifi ta 1998 aka tanadi majalisun masunta na yankuna, waɗanda suka haɗa masu jirage, dillalai da mata masu sarrafa kifi. Yawancin aikinsu ya tsaya ga ba da shawara. Gwamnati na iya wajabta jin ta bakinsu kafin a ba da lasisin babban jirgi ko na masana'antar garin kifi, ta ba su kujera a tattaunawa da Muritaniya, ta kuma fayyace a rubuce kason kuɗin gas da zai dawo Saint-Louis da wanda zai duba yadda aka kashe shi. Masu rinjayen kujeru 130 ba sa buƙatar izinin kowa kafin su mayar da waɗannan doka.