Tarihin Tataccen Kindirmo

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wata mai sauraronmu a Zariya, wadda ke yin kek na sayarwa. Ta ce kullum ta zuba kindirmo a kwaɓi sai ya yi mata ruwa, aka ce mata sai ta sayi yogot ɗin Girka na kanti, ga shi da tsada. Shi ne take son sanin asalinsa, kuma ko za ta iya yinsa a gida.

To malama, abin da ake kira yogot ɗin Girka ba wani abu ba ne illa kindirmo da aka tace, kuma ba Girkawa kaɗai ke da shi ba. Masana sun gano ɓurɓushin kitsen madara a jikin tukwane a ƙasar Turkiyya ta yanzu, waɗanda suka haura shekaru 8,000. Makiyaya ba su da firji, sai suka lura idan nono ya yi tsami ya fi daɗewa, idan kuma aka zuba shi a jakar ƙyalle aka rataye, ruwan ya tsiyaye, ya fi kauri da sauƙin ɗauka. Ita kanta kalmar yogot ta Turkanci ce, tana cikin ƙamus ɗin da Mahmud al-Kashgari ya rubuta wajen 1074.

Kowace al'umma da sunan da ta ba shi. Larabawan Labanon da Siriya da Falasɗinu suna ce masa labna, suna ci da gurasa da man zaitun. A jihohin Gujarat da Maharashtra na Indiya kuwa, sukan haɗa shi da sukari da za'afaran su yi kayan zaƙi mai suna shirikan. Su Girkawa da zuma suke shansa, suna kuma sa shi a kek.

To yaya aka yi sunan ya koma na Girka? Kasuwa ce ta jawo. Kamfanin Fage, wanda ya faro a birnin Atina a 1926, ya shiga da shi Amurka a 1998. A 2007 kamfanin Chobani ya fito da nasa da sunan yogot ɗin Girka, alhali mai kamfanin, Hamdi Ulukaya, haifaffen Turkiyya ne.

Saboda haka malama, ki riƙe kuɗinki. Ki sami kindirmo mai kyau wanda ba a sirka shi da ruwa ba, na madarar da aka tafasa. Ki shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan rariya, ki ɗora bisa kwano, ki zuba, ki rufe, ki sa a firji ya kwana. Lita 1 za ta ba ki kamar rabin lita. Kaurin nan ne ke hana kwaɓi yin ruwa, tsamin kuma idan ya gamu da bekin soda shi ke sa kek ya tashi ya yi laushi. Ruwan da ya tsiyaye ma kada ki zubar, yana yin kwaɓin burodi.

Da fatan mai sauraron tamu ta gamsu. Allah ya ba da kasuwa.