Ambaliya da kuɗin agaji a ƙasar Adar

Babankatami ƙaramar hukuma ce a gundumar Buza, jihar Tawa a Nijar, cikin yankin da ake kira Adar-Dutsi-Maggiya. Ƙasa ce ta tuddai masu duwatsu da kwaruruka masu faɗi. Ruwan damina ba shi da yawa a nan, amma idan ya sauka a kan faƙo ba ya nitsewa. Gangarowa yake yi ta koramu, ya kwaso rairayi da tsakuwa, ya auka wa gonakin kwari, ya ci gindin gidajen laka da rumbuna. Kwarin Maggiya yana kai ruwansa har tafkin Kalmalo kusa da Illela a jihar Sakkwato, kwarin Tarka kuma ya ratsa ta Karofan da Madawa, inda ake noman albasa.

A da, wanda ruwa ya yi wa ɓarna dangi da maƙwabta yake dubawa: a yi gayya a tayar masa da ɗaki, a auna masa hatsi daga zakka. Agajin hukuma ya samo asali ne daga yunwa, ba daga ambaliya ba. An kafa OPVN, ofishin ajiyar cimaka na ƙasa, a 1970, kuma fari na shekarun da suka biyo baya ya jarraba shi. Zargin karkatar da abincin taimako na cikin dalilan da sojoji suka bayar da suka kifar da gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974. Tun daga lokacin, tambayar inda buhun agaji ya shiga ta zama babbar magana a siyasar Nijar.

Aiki mafi girma da aka yi don tare ruwa a yankin shi ne shirin raya karkara na Keita, wanda ya fara a 1984. Italiya ce ta ba da kuɗi, FAO, hukumar noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta gudanar, Hukumar Abinci ta Duniya kuma ta biya ma'aikata da hatsi da mai. Mata ne suka yi yawancin aikin, domin maza kan tafi cin rani Najeriya da Kodebuwa. Su suka fasa duwatsu, suka ɗauko a ka, suka jera su layi-layi a kan gangara, suka haƙa ramukan da ke riƙe ruwa a gindin kowane dashe. An cusa duwatsu cikin ragar waya an datse bakin koramu, an gina ƙananan madatsun ruwa, an dasa itatuwa miliyoyi. Daga 1991 aikin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak.

Amfanin bai ɓoyu ba, an ga hatsi a filayen da aka daɗe da sallamawa. Sai dai kuɗin ba na kasafin ƙasa ba ne, kuma lissafinsa ga masu bayarwa ake kai shi, waɗanda dukansu uku a birnin Rum suke da mazauni. Da aikin ya janye, rairayi ya riƙa cike madatsun, ragar waya ta riƙa tsinkewa, ƙananan hukumomin da suka gaji kayan kuma ba su da ƙarfin gyara. 

A ɓangaren agajin gaggawa, tsarin ya ginu sannu a hankali. An kafa sashen gargaɗin farko a 1989 ƙarƙashin ofishin firaminista, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, sannan a 2016 aka buɗe ma'aikatar jinƙai da kula da bala'o'i. Idan ruwa ya yi ɓarna, masu gari da wakilan ma'aikatar magajin gari ne ke zagayawa su ƙirga ɗakunan da suka faɗi, da gonakin da yashi ya binne, da bisashen da suka salwanta. Takardar da ke ɗauke da sunayen waɗanda abin ya shafa ta wuce wurin prefe, shugaban gunduma, ta je Tawa, ta isa Yamai. Abin da ke dawowa yawanci buhunan hatsi ne, da tabarmi, da barguna, da gidan sauro. A wannan jerin sunaye ne ƙorafi ya fi yawa, domin wanda ba a rubuta ba ya rasa, kuma ba safai ake liƙa jerin a inda kowa zai karanta ba.

Hukumomin bincike sun zo daga baya. Kundin tsarin mulki na 2010 ya tanadi kotun binciken kuɗin gwamnati, aka kafa HALCIA mai yaƙi da cin hanci a 2011. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an jingine kundin, aka kafa COLDEFF don ƙwato dukiyar ƙasa. Duka waɗannan a Yamai aka kafa su, kuma manyan kwangiloli ne suka fi ɗaukar hankalinsu.

Daminar 2024 ta gwada tsarin fiye da kowace a baya-bayan nan. Mutane sama da 300 suka rasu a faɗin ƙasa, fiye da miliyan ɗaya abin ya shafa, har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda waɗanda suka rasa muhalli sun fake a azuzuwa. Gwamnati ta raba dubban tan na hatsi ga jihohi. Rabon ya zo ne 'yan watanni bayan rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi a Afrilu, don haka a Babankatami, kamar a Keita da Madawa, kantomomin da aka naɗa ne ke riƙe da ƙananan hukumomin a lokacin, babu kansilolin da za su nemi a karanta musu lissafi a zaman majalisa.