Shin yana jin mu? Tarihin neman muryar wanda ya daɗe a sume

Da wuya a samu unguwa a Maraɗi, Damagaram ko Tawa da ba a taɓa kai wani asibiti ba bayan haɗarin babur, kai ya bugu, ya kwanta kwana da kwanaki ba magana. Wani lokaci ma ido a buɗe, amma ko an kira sunansa ba ya juyowa. Tambayar da ke cin ran iyali guda ce: shin yana jin mu? Yau za mu bi sawun yadda likitoci suka nemi amsarta.

A da, wanda ƙwaƙwalwarsa ta ji mummunan rauni ba ya daɗewa, don numfashi ke tsayawa. A 1952 annobar shan inna ta auka wa Kopenhagen, babban birnin Danmak. Likita Bjørn Ibsen ya kawo dabarar hura wa marasa lafiya iska cikin huhu, ɗalibai suna matsa jaka da hannu dare da rana. Daga nan ɗakunan kulawa ta musamman suka samo asali. Mutane suka fara tsira, sai ga sabuwar matsala: wasu sun rayu, suna buɗe ido, suna barci suna farkawa, amma babu alamar sun san abin da ke kewaye da su.

A 1972 likitoci biyu, Bryan Jennett na Gilasgo da Fred Plum na New York, suka bayyana wannan hali a rubuce. A 1974 aka fito da ma'aunin Gilasgo, wanda ke duba buɗe ido, magana da motsi. Yau ana ba da maki daga 3 zuwa 15. To amma kun ga inda gizo ke saƙa: duk awon ya dogara ne da motsin jiki. Wanda hankalinsa ke nan amma jiki ya ƙi, yaya za a gane shi?

A 1996 wani asibiti a Landan ya sake duba mutum 40 da aka ce ba su san komi ba, sai aka tarar 17 suna da hankalinsu. Da yawansu ba sa gani sosai, shi ya sa ba sa bin mutum da ido. Da ɗan maɓalli mai ƙara aka samu wasunsu suna amsa i ko a'a. A Faransa kuma, ɗan jarida Jean-Dominique Bauby, wanda jikinsa ya shanye a 1995 amma hankalinsa garau, ya rubuta littafi sukutum da ƙifta idon hagu: ana karanta masa haruffa, yana ƙiftawa in an zo kan wanda yake so. Littafin ya fito a 1997.

Babban sauyi ya zo a 2006 a Kambirij ta Ingila. Adrian Owen ya sa wata mace mai shekara 23, wadda haɗarin mota ya kwantar, cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Aka ce mata ta yi tunanin tana buga tanis, sannan ta yi tunanin tana zagaya ɗakunan gidanta. Kowane tunani yana motsa wani ɓangare dabam na ƙwaƙwalwa, kuma nata ya amsa daidai da na masu lafiya. A 2010, tare da likitocin Liyej ta Beljik, aka gwada mutum 54. Biyar suka amsa. Ɗaya ma an yi masa tambayoyi shida, tanis na nufin amsa ɗaya, gida na nufin ɗayar, ya amsa biyar daidai.

Wannan na'ura tana da tsada, ga shi ba a ɗaukarta zuwa bakin gado. Sai aka koma ga wayoyin da ake mannawa a fatar kai don auna lantarkin ƙwaƙwalwa, kwamfuta tana tantancewa. A 2024 wani bincike na cibiyoyi shida ya duba mutum 241 da ba sa amsa umarni ko kaɗan. 60 daga ciki, wato ɗaya cikin huɗu, ƙwaƙwalwarsu tana bin umarnin.

Kada mu yi wa labarin gishiri: ba kowa ke ji ba, kuma na'urar ba ta warkarwa. Amma akwai abin da ke hannunmu. Masu bincike a Liyej sun nuna cewa madubi ya fi komi sa marar lafiya ya bi abu da ido, don fuskarsa yake gani. In mun lura ɗan uwanmu yana bin madubi, ko yana matsa hannu duk lokacin da aka ce ya matsa, mu gaya wa likita, mu rubuta rana da lokaci. A bakin gadonsa mu gaishe shi da sunansa, mu gaya masa wane ne ya zo. Maganar gado da ta kuɗin magani kuwa, a fita waje a yi ta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Ƴan kabu-kabu da fasinja, don Allah a riƙa sa hular kwano.